Atenda ko ɗakin kati? Ki fara tambayar wa zai biya ki

Ƙanwata, ki tafi makarantar. In dai zaɓin tsakanin karɓar aikin atenda, wato mai hidimar marasa lafiya a asibiti, yanzu ne da yin kwas ɗin ɗakin kati, inda ake adana bayanan marasa lafiya, to ɗakin kati za ki yi. Ni a can nake neman abincina, kuma duk dalilin da zan ba ki kina iya bin sawunsa da kanki.

Da wahala ake biya a asibiti, da atenda da masu shara sun fi mu duka albashi. Abu biyu ke raba kuɗin: matakin da takardarki ta ɗora ki a kai, da wanda ke biyan ki in wata ya mutu.

A asibitocin gwamnatin tarayya, irin su asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato da na masu taɓin hankali da ke Kware, wanda duk ba likita ba da tsarin albashi na CONHESS ake biyan sa. Tun 2010 ake aiki da shi, kuma mataki 15 gare shi. Likitoci nasu daban ne, CONMESS. Daga mataki na 1 zuwa na 5 ƙananan ma'aikata ne, daga na 6 aka shiga sahun manya. Atenda mai takardar sakandare daga can ƙasa take farawa, kuma akwai inda ƙarin girmanta ke cijewa muddin ba ta ƙaro karatu ba, ko da ta tsufa a bakin aiki. Wadda ta gama kwas ɗin ɗakin kati ta karɓi lasisinta, yawanci a mataki na 6 ake ajiye ta ranar da ta kama aiki, mai babbar difloma kuma a na 7. Wato inda za ki sa ƙafa ranar farko, wata ta yi shekara da shekaru tana hangensa.

Kuma kusan kowane alawus matakin yake bi. Ɗauki kuɗin haɗari. Da can naira 5,000 ne ga kowa, daga mai shara har babban likita. A ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi, na 'yan CONHESS ya koma tsakanin 15,000 da 34,000, gwargwadon mataki. Waɗanda ke can ƙasa su ne ke karɓar mafi ƙanƙanta, alhali su ke kwashe amai da jini, su ke ɗaukar kwandon allurai. Wannan abu yana ci mini rai har gobe, amma haka tsarin yake. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari da aka yi a 2023 ma haka: kowa a kan nasa albashin aka lissafa masa, mai babba ya samu babba.

Za ki ji masu cewa tun da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, kuma jiharmu ta Sakkwato ta fara biya a farkon 2025, yanzu duk kusan ɗaya ne. Da ɗan gaskiya a ciki, don an ɗago na ƙasa sosai. Sai dai a watan farko ne kawai za ki ga kusancin. Bayan ƙarin girma biyu ko uku, ke kina hawa, atenda ta tsaya, kuma abin da ake tara wa mutum na fansho daga albashinsa ake cira.

Maganar wanda ke biya kuwa, nan ne yara da yawa ke faɗawa rami. Za ki shiga ɗakin marasa lafiya ki ga mata biyu da kaya iri ɗaya, suna tura gado ɗaya, amma ɗaya ma'aikaciyar gwamnati ce, ɗayar ta ɗan kwangila ce. Tun gyare-gyaren zamanin Obasanjo aka fara miƙa shara da gadi da makamantansu ga kamfanoni a ma'aikatun tarayya. Kamfani ya karɓi kuɗi a dunƙule, ya ba ma'aikaciya abin da suka yi da ita da baki. Sau da yawa babu takardar albashi, babu kuɗin haɗari, babu ƙarin girma, babu ƙungiyar da za ta tsaya mata. In aka jinkirta biyan kamfanin, ita ma ta jira. In kwangila ta koma hannun wani, sabon mai gida yana iya zuwa da mutanensa. Ko yajin aikin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, aka yi aka samu ƙari, ba ya isowa gare ta.

Bayan wannan akwai bambancin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Kowace jiha da yadda take aiwatar da CONHESS, saboda haka mataki na 6 a asibitin tarayya da mataki na 6 a ƙaramin asibitin ƙauye sunan ne kawai ɗaya. Kada ki yarda da "an ce". Ki nemi wadda ke kan aikin da matakin da ake yi miki tayi, a wurin da za a kai ki, ki roƙe ta ta nuna miki takardar albashinta ta watan jiya. Gani ya kori ji. Ki duba abin da ya rage bayan an cire haraji da kuɗin ƙungiya da na fansho, wanda a tarayya kashi 8 ne daga ma'aikaci, gwamnati ta ɗora 10. Asibitoci masu zaman kansu kuma ki sani cewa dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙaramin asibitin unguwa ke biyan abin da ya ga dama.

Ni dai ina son aikina. Lokacin da na fara, wani dattijo ne shugabanmu, ya yi ritaya yanzu, Allah ya ƙara masa lafiya. Shi ya koya mini karanta lambar folda daga ƙarshe, lambobi biyu-biyu, yadda za ki shiga tsakanin kantoci cike da takardu ki miƙa hannu ki zaro ta mutum ba tare da dube-dube ba. Wata safiya wata tsohuwa daga wajen Gada ta iso taga, ta kwance bakin zanenta ta fito da leda, cikin ledar wani guntun kati ne da ya jiƙe ya bushe har rubutun ya narke. Ta ce, "Ɗiyata, ruwa yac cinye shi." Lambobi uku kawai ake gani. Na tambaye ta yaushe aka kwantar da ita, ta ce da azumin bara waccan. Muka sauko da rajistar watan, ni da dattijon nan, muka bi layi-layi da yatsa har muka ci karo da sunanta da na garinsu. A cikin foldar akwai bayanin aikin da aka yi mata da sakamakon gwaje-gwajenta, don haka likita bai sa ta sake biyan kuɗin wasu ba. Da za ta tafi ta dawo tagar ta riƙe hannuna ta ce, "Allah shi yi miki albarka, shi ba ki masu yi miki." Kuɗin motarta ne da na magani suka tsira a ranar.

Ta fuskar aljihu ma na ga amfaninsa. Saboda albashina yana da takarda, na shiga ƙungiyar adashin ma'aikata, ana cira tun kafin kuɗin su shigo hannuna. Da rancen da suka ba ni na rufa wa Inna ɗakinta da kwano kafin damina, na riƙa biya kaɗan-kaɗan ba tare da na je wurin kowa ba. Wata baiwar Allah da muke sallah tare, tana shara a ƙarƙashin kamfani, ta fi ni daɗewa a asibitin, ta nemi shiga aka ce babu inda za a riƙa cire nata.

Ba wai babu wahala ba. Da hunturu ƙurar tsofaffin folda sai ta sa ki tari. Ranar Litinin layi har waje, kuma duk wanda ya gaji da jira a kanki zai sauke. Masu zama a sashen gaggawa suna kwana kamar kowa. Kuma aikin yana komawa kan kwamfuta: rajistar masu inshorar lafiya ta NHIA da ta SOCHEMA, da rahoton wata-wata da ake turawa sama. Wadda hannunta ya faɗa a kan kwamfuta ita ake fara nema, har ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar nan sukan ɗauki masu shigar da bayanai. Ki fara koyo tun yanzu, ko a shagon buga takardu na unguwarku ne.

Aikin atenda kuwa halal ne, akwai lada, kuma asibiti ba ya kwana ɗaya babu su. Iyakar abin da zan iya faɗa masa ke nan. Bayanki zai gaya miki, kwanan dare zai hana ki karatu, kuɗin kuma ba ya tafiya ko'ina.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in ce ki karɓa: in gida babu halin biyan makaranta sam, kuma takardar ta gwamnati ce ta dindindin mai fansho, da sunanki a jerin masu albashi. In haka ne ki shiga, ki yi shekara biyun gwaji a tabbatar da ke, sannan ki nemi izinin tafiya karatu a rubuce. Ki riƙe kalmar nan, a rubuce. Wadda ta tafi karatu a ɓoye takan dawo da takarda a hannu a ƙi sauya mata layin aiki. In kuwa aka ce miki "ki fara sa kai, in an buɗe ɗauka za a sa ki", ki sani akwai masu shekaru suna sa kai a asibitoci ba su ga ko sisi ba.

Kwas ɗin gwajin jini da na ɗakin magani da na lafiyar al'umma duk kusan mataki ɗaya suke shiga da namu. In jini ba ya tayar miki da hankali, na gwaji ma ba laifi, don yana da kasuwa a wuraren gwaji masu zaman kansu.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki: ki kiyayi masu sayar da aiki. Sun yi yawa a garin nan, kuma sun san gidajen da ake da yarinya mai zaman jira. Za su ce akwai gurbin wanda ya rasu ko ya yi ritaya, a kawo kuɗi kafin Juma'a kada wani ya riga ku. Wasu har takardar kama aiki suke bugawa da tambari da sa hannu, su ce a jira kiran ɗaukar hoton IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya. A unguwarmu wata uwa ta sayar da tumakinta da sarƙarta ta ba wani, yarinyar ta ɗinka kayan aiki ta je ranar da aka rubuta, ofishin ma'aikata suka ce ba su san da lambar takardar ba, wayar mutumin kuma a kashe. Duk takardar da aka ba ki, ki kai ta ofishin kula da ma'aikata na asibitin da ƙafarki, ki ce a duba miki, kuma kada ki tafi da wanda ya kawo ta. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum da sunan kuɗin fom ko na gwajin lafiya.

Makarantu ma akwai na bogi. Ƙananan kwalejojin lafiya sun cika ko'ina, wasu gida ne aka kama haya aka kafa allo. In hukumar rajistar ma'aikatan bayanan lafiya ta ƙasa ba ta amince da kwas ɗin ba, ba za ki zauna jarrabawarta ba, babu lasisi, kuma babu lasisi babu mataki na 6. UDUTH na da makarantar wannan fanni, ga kuma kwalejin Sultan Abdurrahman ta Gwadabawa. Ko a can ki tambayi 'yan ajin ƙarshe ko hukumar ta ba su lambar rajista, kuma ko waɗanda suka gabace su sun karɓi lasisi.

Ki ɗauko sakamakonki na sakandare ki duba Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri da fizik. In akwai wanda bai fita ba, ki yi rajistar NECO ta ƙarshen shekara ki cike shi, kafin nan ki riƙa zuwa koyon kwamfutar da yamma.