Daga Jamus: wa ke ɗauke da nauyin Linux?

Ƙanena, bayan gaisuwa, ka tambaye ni ko Linux, manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, abin dogaro ne, ko wata rana za a wayi gari babu shi.

A nan ba a yi masa kallon kayan ɗalibai da masu gudun biyan lasisi, kamar yadda muka saba a gida. Jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice (madadin Microsoft Office na kyauta) da Linux, don kada aikin hukuma ya rataya a wuyan kamfani ɗaya na Amurka. Sai dai tafiyar ba sumul take ba. Birnin Munich ya shafe shekaru yana ƙaura zuwa LiMux, nasa samfurin Linux, a 2017 kuma majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows.

Bambancin hidimar yana fitowa ne ranar da mai kaya ya janye. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina kula da Windows 10, ga kuma kwamfutoci lafiyayyu da Windows 11 ba ta karɓa. Amma da kamfanin Red Hat ya yanke CentOS, wani samfurin Linux, a ƙarshen 2020, cikin 'yan watanni Rocky Linux da AlmaLinux suka fito a madadinsa, tunda kowa na da ikon ɗaukar tushen manhajar ya ci gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan sassa. Zuciyar Linux tana da injiniyoyin Intel da Google masu albashi, amma xz, ɗan shirin matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da shi, mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da shi kyauta har ya gaji. Wani ya yi kusan shekara biyu yana taya shi, ya samu amana, ya dasa ƙofar ɓoye ta kutsawa cikin kwamfutocin mutane. Andres Freund ne ya gano a Maris 2024, saboda jinkirin rabin daƙiƙa kacal da ya lura da shi. Irin wannan giɓin gwamnatin Jamus ke ƙoƙarin cikewa da asusun Sovereign Tech Fund, wanda ya ba GNOME, fuskar da ake gani a allon Linux da yawa, Yuro miliyan 1 a 2023.

In za ka ɗora aikinka, ɗauki samfurin Linux irin Debian da ke nan tun 1993, ko Ubuntu LTS mai gyaran tsaro na shekara 5. Wanda mutum ɗaya ke riƙe da shi, komai kyansa, bar shi a kwamfutar gwaji.