Hattara da masu tallan babur ɗin sojan Amurka na Harley-Davidson

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai an gano baburan sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, ƙirar Harley-Davidson WLA, sababbi fil cikin akwatunan katako, ana karyar da su. Ka tura kafin alƙalami, a ɗoro maka naka a jirgin ruwa. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi.

Babur ɗin dai gaskiya ne akwai shi. Kamfanin Harley-Davidson da ke birnin Milwaukee na Amurka ya fara ƙera shi a 1940, ya fitar da wajen 90,000 lokacin yaƙin, har aka aika wa Tarayyar Sobiyet sama da 30,000. Silinda biyu gare shi, giya uku ta hannu, kuloci a ƙafa. Amma da aka gama yaƙi gwanjon ragowar aka yi, kuma mai kyau a yau yakan haura dala 10,000. Wa zai ajiye irin wannan shekara tamanin a akwati, sannan ya nemo ka ya ba ka a arha? Wannan ƙarya tsohuwa ce, da motocin jif ɗin soja ma an daɗe ana yin ta.

Za su nuna maka lambar 42WLA, su ce shaida ce ɗan 1942 ne, ba ya da yawa. Alhali har waɗanda aka ƙera a 1944 da 1945 wannan lamba aka buga musu. Kuma a gefen hagu na inji take. Harley bai fara buga lamba a shasi ba sai 1970, saboda haka duk wanda ya turo maka "lambar shasi ta asali" maƙaryaci ne. Wasu ma injin Servi-Car suke samowa, wani babur ɗin Harley mai ƙafa uku da aka ci gaba da ƙerawa har 1973, su goge lambarsa su buga ta soja.

Abin da ya fi ci mini rai, masu ƙaramin ƙarfi suke farauta. Kana biyan kafin alƙalami sai a ce kuɗin inshora, daga nan na kwastan, duk ta kirifto ko asusun wani daban.

Ka ce a kira ka ta bidiyo, a tayar da babur ɗin kana gani, a haska maka lambar inji. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa yau, ya kuma kai ƙara EFCC da shaidar hirarsu.