Gidan fistol da na saya: saura ƙiris ya ja mini ɗauri

Shekara shida ke nan ina zaune a Houston, a jihar Texas ta Amurka, kuma tun da na samu katin zama na dindindin nake riƙe da fistol ƙirar Glock 19. Ba ta taɓa ba ni matsala ba. Abin da ya ɗauke min hankali shi ne gidan nan na roba da ake zura fistol a ciki a kulle, sai ta koma kamar 'yar gajerar bindigar kafaɗa, wadda a nan ake kira kabain. Iri biyu ake sayarwa, mai gindin dafawa a kafaɗa da mai maɗaurin dantse. Na zaɓi mai maɗauri, rasit ɗina ma ya nuna haka ɓaro-ɓaro.

Kwalin ya iso ranar Juma'a da yamma, ban tsaya dubawa ba. Asabar da safe na ɗauke shi sai filin koyon harbi. Na shimfiɗa kaya a kan tebur, na cire harsashi, ina shirin zura bindigar ke nan, sai dattijon da ke kula da layin harbi ya ɗora hannu a kan gidan. Ya ce, "Ɗana, dakata. Kana da takardar wannan?" Na ce wace takarda kuma, ai maɗauri ne. Ya juya shi ya nuna min bayansa: babu ramin da dantse zai shiga, babu igiya, faffaɗan gindi ne na kafaɗa. Ashe ɗaya irin suka aiko min.

Wallahi sai da gumi ya karyo min. Dokar tarayya ta 1934 ta ce duk bindigar da aka yi don dafawa a kafaɗa, in bututunta bai kai inci 16 ba, sai an yi mata rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, kafin a haɗa ta. Bututun Glock 19 inci 4 ne da ɗan ɗoriya. Da na danna ta ciki ta kulle, shi ke nan na ƙera bindiga marar rajista, laifin da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10. Ni kuwa da ba ɗan ƙasa ba, laifin makami kaɗai ya isa a kore ni, in bar mata da yara biyu a nan. Dattijon ya ce kada ma in koma gida da su a jaka ɗaya. A shagon filin na bar gidan har na samu damar mayar da shi. Allah ya saka masa da alheri, ko sunansa ban tambaya ba saboda ruɗewa.

Masu sayarwar fa? Na rubuta musu sau uku kafin su amsa, amsar kuma ita ce su ba lauyoyi ba ne, sanin doka na kan mai saye. Haba! Ni na zaɓi abin da doka ta yarda min, ku kuka saka wani a kwali. Kuɗin mayarwa ma daga aljihuna ya fita, kuma sai da na yi mako uku ina jira.

Da na gaskiyar ya zo, raina ya ɗan yi sanyi, don abin yana aiki. A tazarar yadi 25, inda da harbina kan warwatse, yanzu yana taruwa wuri guda kamar faɗin tafin hannu. A yadi 50 na yi ta samun farantin ƙarfe, abin da ban taɓa iyawa da fistol tsura ba. Matata, wadda ƙarfin bugun bindigar ke damu, ta ce wannan ya fi mata daɗin riƙewa. Ranar har na ce na yafe.

Sai dai yafiyar ba ta daɗe ba. Ƙarfin harsashi bai ƙaru ko kaɗan ba, tunda bututun shi ne dai na da, harsashin kuma milimita 9 ɗin nan. Na'urar saiti a jikin gidan take, ba a jikin bindigar ba, don haka duk sanda na fitar da ita na mayar, saitin ya ɗan goce. Hayaƙi yana taruwa a ciki ya yi baƙi ƙirin, sau biyu kuma kwanson harsashi ya maƙale. Ga shi ba ta shiga kube, ba ta ɓoyuwa a jiki, amfanin fistol ya tafi.

Maɗaurin ma hankalina bai kwanta da shi ba. A Janairun 2023 ATF ta fitar da ƙa'idar da ta mai da yawancin fistol masu maɗauri gajerun bindigogin kafaɗa, sai a Yunin 2024 wata kotun tarayya a nan Texas ta soke ta. Abin da ya halatta yau, jiya haramun ne. Harajin dala 200 na rajista an mai da shi sifili daga 1 ga Janairu 2026, amma rajistar tana nan, da hoton yatsu, da neman izini kafin ka tsallaka wata jihar da bindigar.

Yanzu gidan yana cikin akwati, sau ɗaya a wata nake fito da shi. Kuɗin da na kashe, da na ƙara kaɗan, da sun ishe ni in sayi kabain ta asali mai bututu inci 16. Masu sayarwar nan kuwa har yau ko "yi haƙuri" ba su ce min ba.