Rini ko Lissafi: Bin Sawun Ƙazanta a Kubanni

Idan ruwan kwata ya gangara kogin Kubanni da ke Zariya, ina zai kai kafin ya tsinke? Hanya biyu ake bi a kimanta.

Ta farko, a shiga ruwan. A zuba jan rinin rodamin, ko gishiri in rafin ƙarami ne, wani ya tsaya can ƙasa da kwalabe yana ɗiba lokaci-lokaci. Rinin kan taso a dunƙule, sannan ya miƙe, domin tsakiyar kogi ta fi gefe gudu. Wani sashen rinin ya maƙale a ciyawar gaɓa, yana fitowa sannu-sannu. Gani ya kori ji. Sai dai akwai cin kuɗi, kuma awon rani ba ya aiki a Agusta. Ga masu lambu, sai an fara yi musu bayani, kada su ga ruwa ya yi ja hankalinsu ya tashi.

Ta biyu lissafi ne, irin wanda masanin ruwa Fischer ya fitar a 1975: a haɗa faɗin kogi, zurfinsa, gudun ruwa da gangara. Arha, kuma daga zaune. Amma bai san lanƙwasa ko tsibin yashi ba, yakan kuskure ninkin-ba-ninkin.

Ni dai a Kubanni rini zan zaɓa. A kogin Galma mai faɗi kuwa, da lissafi zan fara.