Na karanta littafin da aka ba 'yata a makaranta, shari'ar Tom Robinson ta tsaya mini a rai

A farkon zangon karatun nan 'yata da ke babbar sakandare ta kawo mini takardar littattafan da malamin adabin Turanci ya ce a saya. A ciki akwai To Kill a Mockingbird na Harper Lee. Wurin masu baza littattafai a bakin titi na samo mata, kuma gara in fara da gargaɗi: kwafin farko da na saya na jabu ne, rubutun ya koɗe, shafi huɗu farare fat, daidai inda shari'a ta ɗauki zafi. Sai da na sake sayen wani. Duk mai saye ya buɗe tsakiya ya duba kafin ya miƙa kuɗinsa.

Niyyata in leƙa kawai in ga abin da ake koya mata. Dare biyar na yi ina karantawa bayan sallar isha'i.

Littafin ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta a Amurka, a 1961. Labarin yana faruwa ne daga 1933 zuwa 1935 a Maycomb, garin da marubuciyar ta ƙirƙira a jihar Alabama ta kudancin Amurka, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, doka kuma ta raba fari da baƙi a makaranta da wurin zama. Yarinya ce ke ba da labarin, Scout, tana 'yar shekara shida aka fara. Mahaifinta Atticus Finch lauya ne farar fata, alƙali ya ɗora masa kare Tom Robinson, baƙar fata mai mata da 'ya'ya uku, wanda Mayella Ewell, 'yar shekara 19, da ubanta Bob suka ce ya yi mata fyaɗe.

Kashin farko yana tafiyar hawainiya. Babi goma sha ɗaya ana wasan yara da tsoron wani maƙwabci, Boo Radley, da ba ya fita daga gida. 'Yata ta kusa ajiye shi a nan, ni na lallashe ta.

Daga babi na 17 zuwa na 21 ne littafin ya biya ni kuɗina. Atticus bai yi hayaniya ba, tambayoyi kawai ya riƙa jerowa. An kira likita ya duba yarinyar? Ba a kira ba. A wane gefen fuska ta ji rauni? A dama. Sai ya miƙa wa Bob Ewell alƙalami ya ce ya rubuta sunansa, kowa ya ga bahago ne. Da Tom ya miƙe tsaye, sai ga hannunsa na hagu a shanye, ya fi na dama gajarta, injin gurzar auduga ya lalata shi tun yana yaro. Wanda ya kumbura wa mutum idon dama gaba da gaba, da hagu ya kai duka. Yaron firamare ma zai gane wanda ya doki Mayella.

Amma wurin da na ajiye littafin na yi shiru shi ne inda mai gabatar da ƙara ya tambayi Tom dalilin da ya sa yake taya Mayella aikin gida ba ya karɓar ko kwabo. Tom ya ce tausayinta yake ji. Wannan amsar ce ta kashe shi. A idon mutanen garin, baƙar fata ya buɗi baki ya ce yana tausayin farar fata, ya ɗauki kansa sama da ita ke nan, kuma wannan ya fi musu laifin da ake tuhumarsa da shi ciwo. Mutum ya yi alheri, alherin ya zama hujja a kansa.

A Amurka ba alƙali ne ke cewa mutum ya yi laifi a irin wannan ƙara ba, mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga jama'ar gari su yanke. A nan dukansu maza ne farare. Baƙaƙen fata suna can saman bene, nan ne iyakar wurin da aka yarda su zauna. Mutum goma sha biyun nan sun daɗe a ɗaki suna shawara, suka fito suka ce Tom ya aikata, hukuncinsa kuma kisa. Kafin a ɗaukaka ƙara ya yi yunƙurin tserewa daga kurkuku, masu gadi suka harbe shi harsashi 17.

'Yata ta same ni da safe idonta jajur. "Baba, ai shaidar zur ce ƙiri-ƙiri, yaya za su yarda?" Na ce mata mu kan ce shari'a saɓanin hankali, amma wannan ba ita ba ce. Sun fahimci hujjar sarai. Ba za su iya gaskata baƙi su ƙaryata fari ba ne, su kuma koma su zauna lafiya da maƙwabtansu. Na kuma gaya mata marubuciyar ba daga sama ta tsinci labarin ba. A 1931, a wannan jiha ta Alabama, an kama samari baƙaƙen fata tara bisa zargin yi wa mata biyu farare fyaɗe a jirgin ƙasa, shari'ar da aka sani da ta Scottsboro. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Sau biyu maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka: a 1932 kan ba a ba su lauya na kirki ba, a 1935 kan ware baƙaƙen fata daga cikin masu yanke hukunci. Ita Harper Lee a Monroeville ta Alabama ta tashi, mahaifinta kuma lauya ne.

Akwai abin da ya dame ni, kuma ba ƙarami ba ne. Shari'ar ta Tom ce, ran da aka ɗauka nasa ne, amma littafin na iyalan Finch ne. Kusan a akwatin shaida kawai muke jin Tom. Abin da ya faɗa wa matarsa Helen, yadda ya kwana a kurkuku, yadda 'ya'yansa suka ci gaba da rayuwa, duk an bar mu a waje. Calpurnia, baƙar fatar da ta raini Scout, tana da hankali da kwarjini, amma sai ranar da ta kai yaran cocinsu muka leƙa duniyarta. Wurin da mutanen saman bene suka miƙe tsaye don girmama Atticus yana fita ya taɓa ni, sai dai na yi ta tunanin cewa su ne aka zalunta, kuma su ne aka sa su yi godiya. Ina fata malamin zai haɗa wa ɗalibai wannan da littafin da baƙar fatar Amurka ya rubuta da kansa.

Ga iyaye: Turancin na mutanen kudancin Amurka ne, da karin harshensu, sai da ƙamus a kusa. Akwai kalmar zagin baƙar fata da take ta maimaituwa a bakin mutanen garin, ga kuma batun fyaɗe. Ba zan ba yaron da bai kai shekara goma sha huɗu ba, wanda ya kai ma ya fi kyau babba ya karanta tare da shi.

Na ba shi huɗu cikin biyar. Malamin ya ce su rubuta wasiƙa da bakin ɗaya daga cikin mutanen labarin, yawancin 'yan ajinsu sun ɗauki Scout ko Atticus. 'Yata ta ce ita Helen za ta zama, ranar da aka zo gaya mata an harbe mijinta. Jiya da dare ta karanta mini shafin farko.