A sayar da tantabarun ne, ko a nemo inda kuɗin ke zurarewa?

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu malamin makaranta da ya yi tambaya daren jiya, na ga ana ta ba shi amsa a gajarce, wannan ya ce sayar kawai wancan ya ce kar ka kuskura, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tawa da ɗan tsawo tunda abin ya taɓa faɗo min. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi yana koyarwa a makarantar kuɗi, yana da mata da yara biyu, albashi ba ya kai shi 20 ga wata, kuma yana da tantabaru aure 15 da yake kiwo tun yana saurayi. Maiɗakinsa ta ce a sayar da su a zuba kuɗin a adashi, shi kuma zuciyarsa ta ƙi, shine yake tambaya wanne ya fi, ya sayar ya huta ko ya bar su ya matse wani wajen.

Malam, hanya biyu ce a gabanka kuma duk na bi su, ta farkon ma, wato sayarwar, ita na fara bi.

Lokacin da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita ya tashi, kayan masarufi suka bi shi, ni kuma na tsorata sosai. A sati ɗaya na kwashe tantabaruna gaba ɗaya na sayar, har kejin na bayar. Amfanin wannan hanyar a fili yake kuma ba zan ɓoye maka ba, kuɗi ne dunƙule a hannunka rana ɗaya, kuɗin dawa da gero na wata-wata ya tsaya cak, ba maganin tsuntsu, ba sharar kashi, kuma a gida an ga ka yi wani abu, wanda shi kansa yana kwantar da hankalin iyali. In akwai bashi a wuyanka ko kuɗin haya ya matso ko cefanen gidanka yana yankewa saboda abincin tsuntsu, to wallahi ba sai an yi dogon kwatance ba, wannan hanyar ita ce taka, haƙƙin iyali yana gaba da duk wata sha'awa.

Amma ga abin da ba wanda ya gaya min. Kuɗin da na samu bai yi wata biyu ba ya narke a cikin hidimar gida, dan sau ɗaya ake sayar da abu, shi kuwa cefane kullum ne. Sannan lokacin nan na bayan la'asar zuwa magariba da nake yi a wajen tsuntsaye, ina watsa musu hatsi ina canza ruwa ina duba wacce ta yi ƙwai wacce ta ƙyanƙyashe, sai ya zama fanko, kuma mutum ba ya zama haka nan, dole ya nemi abin da zai cike gurbin. Ni majalisa na koma, daga nan teburin mai shayi, yau indomi da ƙwai gobe shayi da burodi, in abokai sun zauna kuma ba ka ci kai kaɗai ba, ranar Asabar da Lahadi gidan kallon ƙwallo, Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai nan ma a je, in na dawo gida kuma waya ce a hannu har sha biyun dare ina ƙona data. Da na zo na yi lissafi da gaske sai na ga abin da nake kashewa a waɗannan ya fi kuɗin dawar da nake gudu, ga shi kuma na zama mai saurin fushi a gida, abu kaɗan sai faɗa. Maiɗakina da kanta ta ce min tun da na rabu da tsuntsayen nan ban ƙara zama a tsakar gida da yamma ba. Maganar nan ta tsaya min a rai sosai.

Toh hanya ta biyu ita ce ka bar sha'awarka da ranta amma ka yi mata iyaka, sannan ka bi sawun ƙananan kuɗin da ke fita kullum ba ka ji. Ita wannan ba ta ba ka kuɗi dunƙule, ba ta da daɗin farawa, kuma tana son haƙuri da rubutu, amma abin da ta tsare maka duk wata yake dawowa.

Mu fara da tsuntsayen naka, dan gaskiya aure 15 sun yi wa albashin malamin makaranta yawa. Tantabara ɗaya tana cin wajen giram 30 zuwa 40 na hatsi a rana, kaga guda 30 kusan kilo ɗaya kenan kullum, kilo 30 a wata, buhu mai kilo 100 ba zai wuce maka wata uku da 'yan kwanaki ba, kuma wannan hatsin shi ne dai wanda ake tuwo da kunu da shi a gidanka, dan haka in uwargida ta yi magana ba ƙiyayya ba ce, ido ne da ita tana ganin kwanon da ake ɗiba. In ka rage su zuwa aure 5, wato guda 10, buhun nan ɗaya zai kai ka wajen wata tara ko goma. Kuma aure 5 masu kyau sun ishe ka jin daɗin da kake nema, sabida tantabara ƙwai biyu take yi, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci kwana 17 zuwa 19 su ƙyanƙyashe, 'yan shilan kuma cikin wata ɗaya sun yi gashi sun isa sayarwa ko a yi wa mai jego ko marar lafiya farfesu. Ma'ana in kana fitar da 'yan shila a kai a kai maimakon ka bar su su taru, su da kansu za su riƙa rage maka kuɗin abincinsu, har kashinsu masu lambu suna so dan taki ne mai ƙarfi. Sai dai kar wani ya ruɗe ka da cewa kasuwanci ne da zai riƙe gida, a wannan adadin ba zai riƙe ba, ga shaho ga mage ga ciwon nan mai murɗe musu wuya da in ya shiga keji sai ya yi ɓarna. Abin da ke cinye masu kiwo ma ba abincin ba ne, ganin na wani ne, ka je wajen aboki ka ga 'yan waje masu buɗaɗɗiyar jela kamar mafici ka ji in ba ka mallake su ba ba za ka yi barci ba, kuɗin rabin wata ya tafi a aure ɗaya. Dokar da na sa wa kaina da na dawo kiwon ita ce ba na sayen sabuwa sai da kuɗin da tsuntsayen suka kawo, ko musaya.

Sai ɗaya ɓangaren, inda ainihin kuɗin yake. Ka samu ƙaramin littafi ko bayan takardar jarrabawar ɗalibanka, wata ɗaya cur ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka har naira hamsin ta ruwan leda, kar ka gyara halinka a watan, ka rubuta kawai. Naira 500 a kullum ita ce 15,000 a wata, 180,000 a shekara, ka kwatanta da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 wanda ma da yawa daga malaman makarantun kuɗi ba sa samun sa, za ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Ni a nawa littafin abubuwan da suka fi ba ni mamaki su ne data da cajin POS da awon kullum. Data tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 ta zama wani cefanen daban, kuma sayen ta kwana ɗaya-ɗaya ya fi tsada in ka tara, gara ka sayi ta wata ka kashe saukar da bidiyo da kansa a WhatsApp, dan guruf-guruf ɗin nan namu su ke shanye ta kana barci. POS kuma in kana cirar dubu biyu yau dubu uku gobe, kowane cira da cajinsa, ka cire na sati gaba ɗaya ka raba shi kashi-kashi. Awo shi ne babba. Mai sayen gwangwani biyu na shinkafa da ƙullin mai da ƙullin omo kullum a kantin unguwa shi ya fi kowa sayen abu da tsada, kuma talaka ne ke yin hakan dan ba shi da dunƙulallen kuɗi, na sani, amma akwai dabara. Mu huɗu muke haɗa kuɗi da maƙwabta lokacin kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba da sabon hatsi ya shigo, mutum ɗaya ya je kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya sayo buhun masara da na dawa da wake mu raba da kwano, kuɗin mota ma a raba. Waken a zuba a jarka a toshe bakin sosai ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, ƙwaro ba ya rayuwa in ba iska. A nan ne ma nake fitar da na tsuntsaye, ban ƙara sayen abincinsu a tsakiyar damina da tsada ba. Haka tumatir da tattasai, lokacin sanyi da na rani ya fito daga su Kura da Kadawa ya yi araha a kasuwar 'Yankaba, a sayi kwando a yanka a shanya a yi kauɗa, in damina ta zo ana kukan tsadar kayan miya kai gidanka shiru. Wake a jiƙa shi kafin a ɗora, gas ko gawayin da zai ci ya ragu. Kayan yara na zaman gida gwanjon Ƙofar Wambai ya wadatar, sabo a bar shi sai sallah. In makarantarku ba nisa sosai, tafiyar ƙafa da safe a dawo a adaidaita, rabin kuɗin mota ya tsaya.

Kaga bambancin kenan. Sayarwar tana ba ka kuɗi da yawa sau ɗaya ta ɗauke maka abin da ke sanyaya maka rai, ramukan da ke cin albashin kuma suna nan yadda suke. Ragewar tana ba ka kuɗi kaɗan yanzu, dan aure 10 ɗin da za ka fitar ma kuɗi ne, sannan tana tsare maka wani abu duk wata, amma tana buƙatar ka riƙe kanka, kuma in kai mutum ne da ka san ba za ka iya ganin tantabara mai kyau ka wuce ba to ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu, ta farkon ta fi maka lafiya.

Maganar adashi kuma, shawarar uwargida tana da kyau, sai dai adashi zubi yake so duk wata, ba kuɗin rana ɗaya ba. In ka sayar da tsuntsaye ka yi zubin farko da na biyu, na uku daga ina? Daga abin da ka tsare a data da awo da shayin waje zai fito. Ka nemi uwar adashin da kuka sani kuka yarda da ita, ka roƙi kwasarka ta faɗo daidai kaka ko daidai biyan haya, kuɗin aure 10 ɗin kuma ni da zan ba ka shawara hatsin gida za ka saya da su ka ajiye, ta gani da idonta cewa tsuntsayen sun kawo abinci gidan.

Wani abu kuma da nake ganin ya fi duk lissafin nan muhimmanci, kuma mu maza muna yawan tsallake shi. In ka ware wa tantabarunka wani abu duk wata, ita ma ka ware mata nata daidai gwargwado, wanda ba na cefane ba, ba na yara ba, nata na kanta, ko lalle za ta yi ko turaren wuta ko ankon bikin ƙawarta ko data, kar ka tambaye ta me ta yi da shi. Sau da yawa ba tsuntsun ne ke ɓata wa mace rai ba, ganin cewa kai kana da abin da kake kashe wa kuɗi dan jin daɗinka ita kuma ko man shafawa sai ta roƙa, shi ne ciwon. Tattali in ya zama a kanta kaɗai ake yin sa, sunansa maƙo, kuma ba za ta taya ka ba. Ranar da na zaunar da maiɗakina na buɗe mata littafin nan ta ga komai, albashin da abin da ke fita, na ce ga na tsuntsaye ga naki ga na asusun makarantar yara, ita ce ta fara nuna min wasu wuraren da ban lura da su ba, kuma yanzu in na yi tafiya ita da yaran ke ba su ruwa da hatsi, babban ɗana har ya san wacce ke kwanci.

Ni yanzu aure 4 gare ni, na gida ne duka, kejin da katakon da ya rage a wajen wani kafinta na haɗa shi. Kai dai fara rubutun nan daga ranar da albashi ya shigo, kar ka sayar da ko ɗaya tukunna sai watan ya cika kun zauna da ita kun duba tare. In za ka rage, ka riƙe waɗanda suka fi ƙyanƙyasa da kula da 'ya'yansu ko da ba su fi kyau ba, ka fitar da sauran gab da sallah ko lokacin da ka ga masu nema sun yi yawa, kar ka kai su kasuwa a matse ranar da aljihu ya bushe dan a ranar sai yadda mai saye ya ce. Ka kuma gaya min a cikin 15 ɗin nawa ne ke kan ƙwai yanzu, dan waɗannan ba a taɓa su sai 'yan shilan sun tashi.