Gwada tsarin buga lamba: da umarni ko da kira na gaske?

Ana yawan tambaya wanne gwaji ya fi bayan an gyara tsarin buga lamba a wayar ofis, wato ƙa'idojin da ke yanke hanyar da kowace lamba za ta bi.

A Asterisk, manhajar sarrafa wayoyin ofis, umarnin "dialplan show" yana nuna ƙa'idar da lamba ta faɗa ciki nan take, kyauta, ba a dami kowa ba. Amma ganinsa bai wuce na'urar ba: idan aka manta cire 9 ɗin farko da ake dannawa don samun layin waje, kamfanin layi ya ƙi lambar, umarnin ba zai sani ba. Kira na gaske yana tona wannan, har da murya mai tafiya gefe ɗaya. Sai dai yana cin kuɗi da lokaci, kuma ba a buga lambar gaggawa haka kawai.

Mai taɓa ƙa'idoji kullum, umarni ya fi masa. Wanda ya haɗa sabon layi, ya ɗauki waya ya kira.